Kwana goma ana yi mata allurar hefarin amma gudan jinin yana nan, ko mu koma ga maganin ciyawar teku?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san harkar jini ya warware mini wani abu, don kaina ya kulle.

Maiɗakina ta haihu ta hanyar tiyata mako uku da suka wuce, Allah ya ba mu 'ya mace. Bayan suna da kwana biyu ta fara kukan ƙafar hagu, wai sha-raɓarta ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Surukata ta ce sanyin jego ne, a ƙara wa ruwan wanka wuta a riƙa tausa. Ni tela ne, abin da na sani shi ne awo, sai na ɗauko tef ɗina na auna ƙafafun a wuri ɗaya. Ta dama inci 14, ta hagu inci 16. Washegari na kai ta asibiti. Aka yi mata sikanin, aka ce gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke bayan gwiwa, ya ɗan haura cinya. Suka ɗora ta a kan allurar Clexane, wani irin hefarin ne mai tsinka jini, miligiram 80 safe da yamma a fatar ciki, suka haɗa da ƙwayar warfarin, suka ce allurar za ta ci gaba sai wani gwajin saurin daskarewar jini da ake kira INR ya zauna tsakanin 2 da 3.

Jiya kwana goma ke nan. Ba wanda ya ce in sake sikanin, ni na biya da kaina don hankalina ya kwanta. Sai mai hoton ya ce gudan yana nan. Bai ƙaru ba, amma yana nan. Kuɗin allurar nan kuwa ɗinkin sallah guda ya cinye.

To ana cikin haka wani ya turo talla a zauren WhatsApp na teloli, wani kafso mai suna fukoidan da ake yi da ciyawar teku. An rubuta cewa danginsu ɗaya da hefarin, dukansu dogon sukari ne mai ɗauke da wani sinadari da ake kira salfet, amma shi narkar da gudan yake yi, hefarin kuwa ba ya narkarwa, kuma wai daga hanjin alade ake samo hefarin. Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a rai. Shin gaskiya ne allurar ba ta narkar da komai? In haka ne me nake saya? Kuma in na sayo kafson na haɗa mata, akwai laifi?

Malam Na-Leb:

Wa alaikumus salam. Allah ya raya Ilham, ya ba mahaifiyarta lafiya. Aikina gwajin jini ne a ɗakin gwaje-gwaje, ba likitanta ba ne ni, amma wannan tambayar a fagena take.

Mai tallan ya faɗi gaskiya a nan: hefarin ba ya narkar da gudan jini da kansa. Clexane ma hefarin ne da aka daddatse sarƙarsa ta zama gajera, sunansa na asali enoksafarin. Amma "gudan bai ƙaru ba" da mai hoton ya faɗa maka, shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi a kansa, kuma ka samu.

Tunda tela ne kai, bari mu yi maganar da yadi. A cikin jini akwai wani furotin da ke narke, fibirinojin, ka ɗauke shi a matsayin auduga. Akwai wani enzayim, turombin, shi ne masaƙin. In ya taɓa audugar sai ta zama zare, wato fibirin, zaren ya sarƙe ya zama raga, ragar ta kama ƙwayoyin jini. Gudan ke nan. Jiki kuma yana da almakashinsa na yanka wannan ragar, sunansa filasmin. Ba a buɗe yake yawo ba, a rufe yake cikin kube, a lokacin ana kiransa filasminojin. Mai zare shi daga kuben wani furotin ne da bangon jijiya ke fitarwa, tPA. Abin burgewa, tPA malalaci ne in yana yawo a jini haka kawai. Sai shi da filasminojin sun zauna tare a kan zaren fibirin sannan aikinsa ke yin ƙarfi sosai. Wato ragar ce da kanta take tara masu yanka ta.

Yanzu haka a ƙafar maiɗakinka masaƙi yana saƙa, almakashi yana yanka, a lokaci guda. Wanda ya fi sauri shi ke cin gari. Hefarin masaƙin yake kamawa. Akwai wani dogari a jini, antiturombin, wanda aikinsa kama turombin da wani abokin aikinsa da ake kira Xa, amma nawa gare shi. In hefarin ya manne masa, saurinsa yana ninkuwa kusan sau dubu. Abin da ke manne masa ba duk sarƙar ba ce, wani ɗan yanki ne mai sukari biyar da aka jera masa salfet a wurare na musamman, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na sarƙoƙin hefarin na asali ne kawai ke ɗauke da shi. Don a kama turombin kansa sai sarƙar ta kai aƙalla sukari 18, ta yadda za ta riƙe dogarin da ɓarawon a igiya ɗaya. Shi ya sa Clexane, mai gajerun sarƙoƙi, ya fi ƙarfi a kan Xa.

Ga inda abin ya shafi narkewa, kuma nan ne mutane da yawa ba su sani ba. Turombin ba saƙa kaɗai yake yi ba, yana kuma kare abin da ya saƙa. In ya yi yawa, zaren yana fitowa siriri, saƙar ta matse kamar shadda mai kyau, almakashi ya rasa ta inda zai shiga. In ya yi kaɗan, zaren ya yi kauri amma da manyan ƙofofi kamar gidan sauro, filasmin ya ratsa ciki. Turombin ne kuma ke tayar da wani furotin mai lamba 13, wanda ke bi yana ɗinke zare da zare, kamar yadda kake bin bakin yadi da obalokin, har ma ya ɗinka wa ragar wani maƙiyin filasmin a jikinta. Sannan yana tayar da wani mai suna TAFI, wanda ke bi yana gutsure 'yan maƙalan da tPA da filasminojin ke kamawa su zauna a kan zaren. To in hefarin ya rage turombin, duk waɗannan kariyar suna raguwa a sabon abin da za a saƙa. Almakashin na jikinta ne, hefarin fili kawai ya share masa.

Sai dai almakashin nan ba na keken lantarki ba ne. Gudan da ya cika jijiya daga gwiwa zuwa cinya makonni yake ɗauka, sau da yawa watanni. Wani ma ba ya tafiya duka, jiki yana mayar da ragowarsa tabo a bangon jijiya, jini ya buɗe hanya ta tsakiya ko ta gefe. Ga shi kuma mai ciki jikinta da gangan yake danne almakashin, har mabiyiya tana fitar da nata furotin mai hana tPA aiki, don kada jini ya ƙwace ranar haihuwa. Makonni shida na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗarin irin wannan gudan. Sikanin na kwana goma ba zai nuna maka ƙafa fes ba, ko da wane magani aka ba ta.

Za ka ce me ya hana a ba ta mai narkarwar kai tsaye? Akwai shi. tPA ɗin nan ana ƙera shi a masana'anta, Amurka ta amince da shi a 1987 don bugun zuciya, a 1996 don shanyewar ɓarin jiki. Kafin shi akwai sitireftokainas, wanda William Tillett ya gano a 1933 daga wata ƙwayar cuta. Amma su ba su san bambancin gudan ƙafa da gudan da ke riƙe ɗinkin mahaifarta ba. Mako uku da tiyata, babu likitan da zai taɓa su sai in rai ne ke shirin fita.

Maman Sadik, ungozoma:

Baban Ilham, barka da arziki. Ni ba zan shiga zancen sinadarai ba, abu biyu zan roƙe ka. A daina tausar ƙafar nan, ka lallaɓi Hajiya surukarka ka faɗa mata likita ne ya hana, kada ka ce kai ka ce. Ta riƙa ɗan takawa a cikin gida, in ta zauna ta ɗora ƙafar a kan filo. In ka ga numfashinta yana sama-sama, ko ƙirji ya soke ta, ko ta yi tari da jini, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, don alamar gudan ya ɓalle ya tafi huhu ke nan. Haka in jinin biƙi ya dawo da ƙarfi.

Na biyu, kada ka ƙara mata komai a kan allura da warfarin ba da sanin likita ba, har da jiƙe-jiƙen gida da maganin ciwon jiki na kemis irin su ibufurofen. Mu a ɗakin haihuwa kishiyar matsalarku muke gani kullum, jini ya ƙi tsayawa. Allurar taranekzamik da muke yi, giram ɗaya a jijiya, almakashin da Malam ya faɗa take toshewa. An gwada ta a kan mata kusan dubu ashirin a ƙasashe 21, har da asibitocin Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2017, kuma an ga in an yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini. Wanda ya ga mace tana zubar da jini bayan haihuwa ba zai yi wasa da abin da aka ce yana "narkar da jini" ba.

Ɗalibar Bayokemistiri:

Malam Na-Leb, a gafarce ni, ina da ɗan ƙari, don kamar an rage wa mai tallan wani haƙƙinsa. Aikin digirina na biyu a kan irin waɗannan sukarin nake yi, kuma zancen cewa fukoidan yana taɓa narkewar guda ba daga iska aka ɗauko shi ba.

Fukoidan sarƙar wani sukari ne mai suna fukos, da salfet a jikinsa. Wani masani ɗan Suwidin, Harald Kylin, ya fara ciro shi a 1913 daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, shekara uku kafin Jay McLean, ɗalibin likitanci a jami'ar Johns Hopkins, ya yi aikin da ya kai ga gano hefarin a 1916. Fukoidan ɗin ne ke sa ciyawar santsi, kamar yauƙin kuɓewa. Mutanen Okinawa a Japan suna cin wata irinta mai suna mozuku. Kowane salfet yana ɗauke da caji, sarƙar ta zama kamar dogon maganaɗisu, furotin masu kishiyar cajin suna manne mata. tPA da filasminojin suna cikin masu mannewa. A cikin kwalbar gwaji, in ka zuba su biyun ba tare da fibirin ba, ka ƙara fukoidan, filasmin yana fitowa da sauri, domin sarƙar ta zame musu benci ɗaya da suka zauna a kai, aikin da zaren fibirin ke yi. Hefarin ma yana yin haka a kwalba. Amma da zarar akwai fibirin na gaske a wurin, ribar hefarin ta wannan hanyar tana raguwa ƙwarai, saboda benci biyu ne ke rububin mutum ɗaya.

Yadda muke aunawa a leb: faranti ne mai ƙananan ramuka 96, a zuba ruwan jini da aka cire wa ƙwayoyi, a sa tPA kaɗan, a sa kalsiyam don ya daskare, a ajiye a zafin jiki, digiri 37. Na'ura tana haska shi tana auna duhunsa. In ya daskare ya yi gajimare, layi ya hau, in ya narke ya washe, layi ya sauko.  Abin da malamina ya fi ja mini kunne a kai shi ne, in na ga layi ya sauko da wuri kada in yi murna tukuna, in duba ko ya hau sosai tun farko. Gudan da bai saƙu da kyau ba dole ya narke da wuri. Kuma a gwajin, sinadarin yana ciki tun kafin a fara saƙar. Na ƙafar Maman Ilham ya riga ya saƙu, an yi masa obalokin, ya fi kwana goma.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da kafson shi ne wannan. Fukoidan ba abu ɗaya ba ne. Tsawon sarƙar, yawan salfet da inda ya zauna suna canzawa daga irin ciyawa zuwa wata, har da lokacin da aka girbe ta da yadda aka tace. Kuma yana da fuska biyu. In ya yi yawa a ruwan jini yana hana daskarewa. In kaɗan ne kuma yana iya taimaka wa daskarewa, saboda yana danne wani birki na jiki mai suna TFPI. Har an gwada shi a kan karnuka masu ciwon rashin tsayawar jini da nufin ya tsayar musu da jini. To wanda ya haɗiyi kafso, kaɗan ne ƙwarai ke ratsa hanji ya shiga jini, don sarƙar doguwa ce mai caji. Dalilin da ya sa hefarin ma allura ne ba ƙwaya ba ke nan. Wace fuskar za ta samu? Mai tallan ba zai iya faɗa maka ba. Ga kuma aidin, wanda ciyawar teku ke tarawa da yawa, yana kuma bi ta nono ya isa ga jaririya.

Inda na ga fukoidan yana da makoma shi ne wani aiki da masu bincike a Faransa suka yi. Yana manne wa wani furotin da ke fitowa a jikin ƙwayoyin da ke taruwa a guda, sai suka shafa shi a kan wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke ɗauke da tPA, ya zama ɗan jagora mai kai maganin inda gudan yake. A kan ɓeraye aka gwada. Ko a can ma tPA ne mai aikin.

Malam Na-Leb:

Na karɓi gyara, Malama, Allah ya ba da sa'ar digiri. Na bar zancen kwalba ne don kada in rikita shi.

Sai batun alade, wanda na ga ba wanda ya taɓa. Gaskiya ne. Mafi yawan hefarin na duniya, har da wanda ake yin Clexane da shi, daga majinar bangon hanjin alade ake tace shi, kuma Chaina ce babbar mai samarwa. Da can ana yin na huhun shanu, aka janye shi a Amurka da Turai a shekarun 1990 saboda tsoron ciwon haukan shanu, amma Barazil da Ajantina suna amfani da na shanu. Akwai wanda babu dabba a cikinsa sam, fondafarinuks, wato ɗan yankin nan mai sukari biyar aka ƙera a masana'anta. Ya fi wuyar samu, kuma ga mai shayarwa likita ne zai auna. Hukuncin addini ba nawa ba ne. Ka je wa malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa cewa magani ne na ceton rai, na ɗan lokaci, ka ji abin da zai ce a babin larura. Kawai kada a tsayar da allurar kafin a samu amsar. Warfarin dai a masana'anta ake ƙera shi, kuma da zarar INR ya zauna shi kaɗai za ta ci gaba da sha, galibi wata uku ga irin nata.

Wannan kalma ta "danginsu ɗaya" kuwa, ta taɓa cin rayuka. A 2008 aka samu hefarin da aka gurɓata tun daga Chaina da wani sukari, kondiroitin, wanda ake samu a guringuntsi, aka ɗura masa salfet fiye da ƙima. Yana da arha, kuma a gwajin da ake yi a lokacin yana hana jini daskarewa kamar na gaske, sai ya wuce ba a gane ba. A jikin mutum kuwa wata hanya daban ya tayar, ta sa jijiyoyi suka saki, hawan jini ya faɗi warwas cikin mintuna. Masu wankin ƙoda ne suka fi shan wahala. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar mutum 81 a watan Afrilu na shekarar. Dogon sukari ne mai salfet shi ma.

Akwai wani ɗan dangin, fentosan, da ake yi daga itacen wata bishiyar Turai, ana sayar da shi da sunan Elmiron don ciwon mafitsara. Takardarsa ta ce ƙarfinsa na tsinka jini kashi ɗaya ne cikin 15 na hefarin, amma duk da haka an yi gargaɗi a kan haɗa shi da warfarin. Shi an auna shi an rubuta. Hefarin in ya yi yawa muna da furotamin da ke kashe kaifinsa, na asali gaba ɗaya, na Clexane wani ɓangare. In jini ya ɓalle mata bayan ta sha kafson nan, likitan da ke bakin aiki ba zai san adadin abin da ke jikinta ba balle ya san me zai ba ta.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Misalin shadda da gidan sauro ya shige ni, na ma karanta wa maiɗakin, ta yi dariya ta ce ashe ƙafarta ma ba ta tsira daga ɗinki ba. Kafson na bar shi. Na rubuta a zauren cewa duk mai shan warfarin ya tambayi likita kafin ya saya, wanda ya turo tallan ya fita daga zauren bai ce komai ba.

Na je wurin limamin unguwarmu bayan isha'i, ya ce zai duba ya kira ni gobe, amma a ci gaba da allurar kafin nan. Hajiya ta yarda an bar tausa, ruwan wankan ne dai har yanzu muke ja-in-ja a kan zafinsa. Yau da safe na sake aunawa, a daidai inda na sa alama da alli, ta hagu ta dawo inci 15 da kwata. Ranar Talata za a sake INR, na baya 1.7 ne. Malam Na-Leb, in ya kai 2 a ranar, nan take ake tsayar da allurar ko sai an sake gwaji na biyu? Saura sirinji huɗu a gida, ina so in san ko in ƙaro.